Ritayar 'Ya'yan Bayan Yaƙi a Amurka: Riba, Giɓi da Batun Shekarar 2033

A watan Yunin 2025 amintattun da ke kula da asusun fanshon tarayya na Amurka, wato Social Security, suka fitar da rahotonsu na shekara-shekara, inda suka bayyana cewa ajiyar da ake ɗiba don cike giɓin biyan tsofaffi za ta ƙare a 2033, muddin majalisar dokokin ƙasar ba ta gyara dokar ba. Kafin labarin ya kai kunnen jama'a ya sauya kama, domin da yawa sun ɗauka cewa fansho ne zai tsaya cak nan da 'yan shekaru. Ya kuma faɗo a daidai lokacin da Amurkawa sama da miliyan 4 suke cika shekara 65 a kowace shekara, wato fiye da mutum 11,000 a kullum, adadin da ƙasar ba ta taɓa ganin irinsa ba.

Waɗannan tsofaffi su ne ƙannen rukunin da Amurkawa suke kira baby boomers, waɗanda za a iya kira da Hausa 'ya'yan bayan yaƙi. Ana yawan bayyana su a matsayin zuriyar da ta fi kowace zuriya sa'a a tarihin ƙasar, kuma a lokaci guda ana ba da labarin masu shekara 70 daga cikinsu da har yanzu suke tsaye a kanti suna lissafa wa masu sayayya kuɗi. Duka maganganun biyu gaskiya ne, kuma ba za a gane yadda suka haɗu ba sai an duba yadda aka gina tsarin ritayar da yadda ya sauya a tsakiyar rayuwar aikinsu.

Su wane ne 'ya'yan bayan yaƙi?

Sunan ya shafi waɗanda aka haifa daga 1946 zuwa 1964. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, miliyoyin sojoji suka koma gida, suka tarar da dokar da aka kafa a 1944 wadda ta ba su damar yin karatu da kuɗin gwamnati da kuma karɓar bashin gida mai sauƙi. Masana'antu suna neman ma'aikata, albashin mutum ɗaya yana riƙe gida, sai aka yi ta aure da wuri ana haihuwa. A cikin shekara 19 aka haifi yara kimanin miliyan 76, kuma a 1957, lokacin da abin ya kai ƙololuwa, an haifi kusan miliyan 4.3 a shekarar kaɗai, inda matsakaicin haihuwar mace ɗaya ya kai kusan 3.7. Daga tsakiyar shekarun 1960 haihuwa ta ja baya, kuma a yau matsakaicin bai wuce 1.6 ba.

Wannan tashi da faɗuwa shi ne tushen duk muhawarar da ake yi. Rukuni ne babba da ke tafiya tsakanin ƙananan rukunai biyu, kuma duk inda ya ratsa sai wurin ya cika ya batse: ya cika makarantun firamare a shekarun 1950, ya cika jami'o'i da kasuwar aiki daga baya, yanzu kuma ya iso ƙofar fansho da asibiti. Na farkonsu sun cika shekara 65 a 2011, kuma hukumar ƙidayar Amurka ta nuna cewa zuwa 2030 dukansu za su kai wannan shekaru, ta yadda mutum ɗaya cikin kowane biyar a ƙasar zai zama ɗan shekara 65 ko fiye. Ingila da Faransa da Kanada da Japan duk sun ga irin wannan yawan haihuwa bayan yaƙi, sai dai a Amurka ana barin kaso mai yawa na ɗawainiyar tanadin tsufa a wuyan mutum shi kaɗai.

Duwatsun murhu uku

Masana harkar fansho a Amurka sun daɗe suna cewa ritaya tana tsayawa ne a kan abu uku, kamar dai tukunya a kan murhu: fanshon tarayya, fanshon wurin aiki, da abin da mutum ya tara da kansa. Dutse ɗaya ya goce, tukunya ta karkace.

Dutse na farko shi ne Social Security, wanda Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu a watan Agustan 1935, lokacin da karayar tattalin arziki ta jefa tsofaffi da dama cikin bara. Ana cire wa ma'aikaci kashi 6.2 cikin ɗari na albashinsa, mai aikin ya ƙara wani kashi 6.2, mai sana'ar kansa kuma ya biya duka biyun. Mutum yana cancanta ne idan ya tara maki 40, kuma tunda ba a samun fiye da maki huɗu a shekara, hakan yana nufin aikin shekara goma a ƙalla. Ana lissafa abin da zai riƙa karɓa ne bisa shekaru 35 da ya fi samun albashi a cikinsu, kuma idan bai cika 35 ɗin ba, sai a cike gurbin da sifili. Wannan sharaɗi ne ya fi cutar da matan da suka bar aiki na tsawon shekaru don rainon yara ko jinyar iyaye.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar tsarin a matsayin asusun ajiya mai sunan mutum. Ya fi kama da adashi: zubin masu aiki na wannan watan shi ne kwasar tsofaffi na wannan watan. Labarin wadda ta fara karɓar fanshon wata-wata ya isa misali. Ida May Fuller, sakatariya a ofishin lauya a jihar Vermont, ta yi zubi na shekara uku kacal, jimillar dala 24.75, sannan ta karɓi cakinta na farko na dala 22.54 a watan Janairun 1940. Ta rayu har ta cika shekara 100, kuma kafin rasuwarta a 1975 ta karɓi fiye da dala 22,000. Ba kuɗinta ne suka hayayyafa ba, masu aikin da suka biyo bayanta ne suka ɗauki nauyinta. A 2025 matsakaicin abin da mai ritaya yake karɓa ya kai kimanin dala 2,000 a wata, wanda ga mai matsakaicin albashi bai wuce kashi 40 cikin ɗari na abin da ya saba samu ba.

Dutse na biyu shi ne wanda ya sauya a hannun 'ya'yan bayan yaƙi. Iyayensu da suka yi aiki a manyan masana'antu sun san fansho irin na da, wanda kamfani yake yi wa ma'aikaci alkawarin wani adadi a kowane wata har ƙarshen rayuwarsa. Alkawarin bai kasance mai tabbas ba a ko da yaushe, domin a 1963, da kamfanin motoci na Studebaker ya rufe masana'antarsa a South Bend ta jihar Indiana, dubban ma'aikata sun tashi da abin da bai taka kara ya karya ba, wasu ma ba su sami ko sisi ba. Wannan ne ya share fagen dokar kare fansho ta 1974. Sai dai kuma a 1978 aka saka wani ɗan sashe a dokar haraji mai lamba 401(k), wanda ya ba ma'aikaci damar ware wani ɓangare na albashinsa a zuba masa a hannayen jari ba tare da an cire haraji ba sai ranar da ya ɗiba. Kamfanoni suka ga cewa hakan ya fi musu sauƙi nesa ba kusa ba, domin sukan ƙara wa ma'aikaci ɗan kaso ne kawai, daga nan kuma sun sauke nauyi. A 2024 kashi 15 cikin ɗari ne kacal na ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu suke da damar fansho irin na da.

Ma'anar wannan sauyi ita ce haɗarin ya tashi daga kan kamfani ya koma kan ma'aikaci. Shi zai yanke nawa zai ware, shi zai zaɓi inda za a zuba, kuma idan kasuwa ta faɗi shi zai ɗauki asarar. Manyan 'ya'yan bayan yaƙi sun ɗanɗana wannan a 2008, lokacin da darajar manyan hannayen jarin Amurka ta zube da fiye da kashi ɗaya cikin uku a shekara guda, suna dab da ajiye aiki. Waɗanda suka iya haƙuri sun farfaɗo har sun ci riba mai yawa a shekarun da suka biyo baya, waɗanda kuma suka rasa aiki suka sayar da jarinsu a faɗuwa ba su sake miƙewa ba. Dutse na uku, wato tanadin kai, a wurin yawancin iyalai gida ne kawai.

Shekara 62, 67 ko 70

Babu wata shekara guda da ake kira shekarar ritaya a Amurka, kuma nan ne ruɗani ya fi yawa. Tun 1986 doka ta hana a tilasta wa mutum barin aiki saboda shekaru, in ban da wasu ayyuka ƙalilan irin su tuƙin jirgin sama na fasinja. Abin da ke akwai shi ne shekarun fara karɓar fansho. Waɗanda aka haifa daga 1943 zuwa 1954 suna samun cikakken haƙƙinsu a shekara 66, daga nan ana ƙara wata biyu ga kowace shekarar haihuwa, har ya tsaya a 67 ga duk wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama. Ana iya fara karɓa tun a shekara 62, amma da ragi na dindindin, ana kuma iya jinkirtawa zuwa 70 a sami ƙarin kashi 8 cikin ɗari a kan kowace shekarar jira.

A ɗauki misalin direban bas da aka haifa a 1962, wanda lissafi ya nuna cewa cikakken haƙƙinsa dala 2,000 ne a wata idan ya kai 67. Idan ya fara karɓa a 62 za a zabtare kashi 30 cikin ɗari, ya koma dala 1,400, kuma a kan wannan ma'auni zai zauna har ƙarshen rayuwarsa, sai dai ƙarin da ake yi kowace shekara saboda tsadar kaya. Idan ya daure zuwa 70 zai riƙa karɓar dala 2,480. A shekara takwas ɗin da mai jira yake jira, mai gaggawa ya riga ya karɓi dala 134,400, kuma da bambancin dala 1,080 a wata, mai jira ba zai kamo shi ba sai ya haura shekara 80. Daga nan kuwa duk watan da ya ƙara a duniya riba ce.

Masu ba da shawara kan kuɗi galibi suna goyon bayan jira, musamman ga magidancin da ya fi matarsa albashi, saboda idan ya rasu matar za ta gaji adadin da yake karɓa ne a madadin nata, don haka jiransa kariya ce gare ta. Masu ɗaya ra'ayin suna cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma hujjarsu ba ta rasa tushe ba: mai ciwon suga ko ciwon zuciya ba shi da dalilin yin lissafi da shekara 85, kuma birkila ko ma'aikaciyar jinya da gwiwoyinta suka gaji ba ta da zaɓin ci gaba da aiki. A aikace, jira gata ne na wanda yake da lafiya da aikin zama da kuma wani abin da zai ci kafin lokacin. Akwai kuma wani tarko ga wanda ya fara karɓa da wuri alhali yana aiki, domin a 2025 duk abin da ya samu sama da dala 23,400 ana riƙe masa dala ɗaya a kan kowace dala biyu, ko da yake ana gyara masa lissafi idan ya kai cikakkun shekaru.

Abin da ritayar ta ba su

Riba mafi girma ita ce tsufa ya daina zama daidai da talauci. A 1959 fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin Amurka suna cikin talauci bisa ma'aunin gwamnati, yanzu kuwa adadin yana kewayen kashi 10 cikin ɗari, kuma masana sun yi ittifaƙi cewa fanshon tarayya ne babban dalili. Kuɗin yana kuma bin farashi, abin da fanshon kamfanoni da yawa ba ya yi: a 2023, bayan hauhawar farashin da ta biyo bayan annobar korona, an yi ƙarin kashi 8.7 cikin ɗari a lokaci guda.

Riba ta biyu ita ce inshorar lafiya ta Medicare, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya kafa a 1965, kuma take fara aiki a shekara 65. A ƙasar da inshorar mutum take ɗaure da wurin aikinsa, kuma kwanan asibiti na 'yan kwanaki zai iya cinye albashin shekara, wannan ce take ba mutane da yawa ƙarfin halin ajiye aiki. Sashenta na farko ya shafi kwanciya a asibiti, na biyu ya shafi ganin likita da gwaje-gwaje, kuma a 2025 ana cire wa yawancin mutane dala 185 a wata saboda shi. Dokar da aka yi a 2022 ta ƙayyade kuɗin allurar insulin a dala 35 a wata ga masu wannan inshora, sannan daga 2025 ta sa iyaka ga abin da mutum zai biya daga aljihunsa a shekara na magungunan da inshorar ta amince da su, iyakar da ta fara da dala 2,000 a 2025. Wanda ya yi sakaci bai yi rajista a kan lokaci ba, kuma ba shi da inshorar wurin aiki, za a ɗora masa tarar kashi 10 cikin ɗari a kan kowace shekarar da ya makara, tarar da za ta bi shi muddin yana cikin tsarin.

Sai kuma dukiya da lokaci. Alƙaluman babban bankin Amurka sun nuna cewa kusan rabin dukiyar iyalan ƙasar tana hannun 'ya'yan bayan yaƙi, galibi saboda sun sayi gidaje tun suna da araha kuma sun riƙe hannayen jari tsawon shekaru. Wanda ya kai 65 a yau yana iya sa ran ƙarin shekara 18 zuwa 20, kuma har garuruwa aka gina don waɗannan shekaru, tun daga Sun City a jihar Arizona da aka buɗe a 1960 zuwa The Villages a Florida, inda tsofaffi ke zirga-zirga a ƙananan motocin filin golf. Amma rabon dukiyar ya karkata ƙwarai. Kusan huɗu cikin goma na tsofaffin da ke karɓar fanshon tarayya sun dogara da shi ne a kan rabin abin da suke samu ko fiye, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu shekara 65 zuwa sama yana aiki har yanzu, wasu don sha'awa, wasu don dole.

Ramin da ba a cika hangowa ba

Mutane da yawa sukan shiga ritaya da zaton cewa Medicare za ta ɗauki nauyin komai, sai ranar da tsufa ya kai ga buƙatar mai yi wa mutum wanka, ya ba shi abinci, ya juya shi a gado. Wannan ɗawainiya ta yau da gobe ba ta cikin abin da inshorar take biya. Iyakarta kwana 100 a gidan jinya bayan an sallami mutum daga asibiti, shi ma da sharuɗɗa. Ma'aikatar lafiyar Amurka ta ƙiyasta cewa kusan bakwai cikin goma na masu cika shekara 65 za su buƙaci irin wannan kulawa a wani lokaci, alhali ɗaki na mutum ɗaya a gidan kula da tsofaffi ya haura dala 100,000 a shekara. Ciwon mantuwa na shekara huɗu ko biyar ya isa ya lashe tanadin shekara arba'in.

Shirin da yake biyan wannan kuɗi shi ne Medicaid, wanda na marasa galihu ne, don haka sai mutum ya kashe abin da ya mallaka har ya rage kaɗan, a jihohi da yawa dala 2,000, kafin a karɓe shi. Yawancin jihohi suna kuma bincikar kyautar da ya yi a shekara biyar da suka gabata, don kada ya raba wa 'ya'yansa dukiya ya zo yana neman taimako, kuma bayan rasuwarsa jiha tana iya neman kuɗinta daga abin da ya bari. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa lauyoyin da suka ƙware a harkar tsofaffi suke nanata a rubuta wasiyya, da takardar wakilci ta kuɗi, da takardar da ke bayyana irin jinyar da mutum ya yarda a yi masa, tun hankalinsa yana tare da shi. Lamarin ya fi tsanani saboda fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na Amurkawa masu shekara 60 zuwa sama su kaɗai suke zaune a gida, kuma inda akwai mai jinya daga dangi, yawanci 'ya mace ce da ita ma take rage aikinta, ta rage fanshonta na gobe.

Me zai faru a 2033?

Adashi yana tafiya ne da yawan masu zubi. A 1960 ma'aikata biyar ne suke zubi a kan kowane mai karɓa ɗaya, yanzu ba su kai uku ba. An hango wannan tun da daɗewa. A 1983, lokacin da asusun ya kusa kasa biya, Shugaba Ronald Reagan da 'yan majalisa na jam'iyyu biyu suka amince da shawarwarin kwamitin da Alan Greenspan ya jagoranta: aka gaggauta ƙarin haraji, aka fara cire haraji daga fanshon masu hali, majalisa kuma ta ɗaga shekarun cikakken haƙƙi daga 65 zuwa 67 sannu a hankali. Sakamakon haka 'ya'yan bayan yaƙi suka yi shekaru suna zuba fiye da abin da ake biya, rarar ta taru ta kai kusan dala tiriliyan 3. Daga 2021 aka fara cin wannan rara, kuma ita ce za ta ƙare, ba zubin ba. Rahoton 2025 ya nuna cewa ko bayan ƙarewarta harajin da ke shigowa zai iya biyan kashi 77 cikin ɗari na haƙƙin tsofaffi. Ga direban da aka yi misali da shi, dala 2,000 za ta koma 1,540.

Hanyoyin gyara sanannu ne, rabon zafinsu ne ake jayayya a kai. Ɓangare ɗaya, wanda ya fi ƙarfi a jam'iyyar Democrat, yana nuni da cewa harajin fanshon yana tsayawa ne a wani rufin albashi, dala 176,100 a 2025, ta yadda mai samun miliyan a shekara yake biyan daidai da mai samun wannan adadi, don haka suna son a ɗaga rufin ko a cire shi. Masu suka suna cewa wannan ƙarin haraji ne babba a kan masu sana'a da masu ɗaukar ma'aikata, kuma zai raba abin da mutum ya zuba da abin da zai karɓa, wanda shi ne ya sa ake kallon tsarin a matsayin haƙƙi ba sadaka ba. Ɗaya ɓangaren, da ake samu a tsakanin wasu 'yan Republican, yana son a ƙara shekarun ritaya ga masu tasowa, bisa hujjar cewa mutane sun fi daɗewa a duniya fiye da lokacin da aka tsara dokar. Amsar da ake ba su ita ce tsawon ran bai zo wa kowa daidai ba, domin wani babban bincike da masanin tattalin arziki Raj Chetty ya jagoranta a 2016 ya gano tazarar kusan shekara 15 tsakanin mazan da suka fi kowa arziki da waɗanda suka fi kowa talauci. Shawara ta uku, wato a karkatar da wani kaso zuwa asusun jari na kowane mutum, Shugaba George W. Bush ya gwada tallata ta a 2005, ba ta ko kai ga ƙuri'a a zauren majalisa ba.

Tsofaffi su ne suka fi kowa fita zaɓe a Amurka, shi ya sa yawancin shawarwarin suke tsallake waɗanda suka riga suka fara karɓa, su sauka a kan matasa. Matakin da aka ɗauka a farkon 2025 ma ƙara kashe kuɗi ya yi: a watan Janairun 2025 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta soke ragin da ake yi wa mutum kusan miliyan 3, irin su malaman makaranta da 'yan kwana-kwana da 'yan sanda, masu karɓar wani fansho daga aikin da ba a cire masa harajin Social Security ba.

Inda abin ya shafi mutanenmu

Ma'aikacin gwamnati a Najeriya zai ga kamanni a wannan labari, domin dokar fansho ta 2004 ta yi irin sauyin da 401(k) ya yi, inda aka bar tsohon tsarin da gwamnati ke ɗaukar nauyi aka koma asusun kowane ma'aikaci, kuma gyaran 2014 ya sa ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari, mai aiki kashi 10. Bambancin shi ne a Amurka akwai fanshon tarayya da yake tare mutum idan asusunsa ya gaza.

Waɗanda abin ya shafa kai tsaye su ne 'yan Najeriya da Nijar da Gana da suka tafi Amurka a shekarun 1980 da 1990, suka tsufa a New York ko Chicago ko Houston, da yawansu da niyyar komawa gida. Wanda ya shiga ƙasar yana da shekara 45 ba zai cika shekaru 35 na lissafi ba, don haka fanshonsa zai yi ƙasa, kuma direban tasi ko ɗan kasuwar da ya riƙa rage abin da yake bayyana wa hukumar haraji ya rage wa kansa ne. Amurka ba ta da yarjejeniyar haɗa shekarun aiki da kowace ƙasa a Afirka, saboda haka aikin da aka yi a Kano ko Kumasi ba ya shiga cikin maki 40, sai dai dokar Janairun 2025 ta cire ragin da a da ake yi wa mai karɓar fanshon wata ƙasa.

Wanda ya zama ɗan ƙasa yana iya karɓar kuɗinsa yana zaune a gida. Wanda bai zama ba, ƙa'idar asali ita ce a dakatar da biya bayan ya yi wata shida a jere a waje, sai idan ya faɗa cikin waɗanda aka keɓe bisa ƙasarsa da tsawon aikinsa, kuma idan hukumar haraji ta ɗauke shi a matsayin baƙo mazaunin waje, ana riƙe kashi 25.5 cikin ɗari na fanshon. Dogon zama a waje yana kuma iya jawo asarar katin zama na dindindin. Medicare kuwa, in ban da wasu yanayi ƙalilan, ba ta biyan jinyar da aka yi a wajen Amurka, don haka mai komawa gida zai zaɓi ko dai ya ci gaba da biyan kuɗin wata-wata na inshorar da ba ya amfani da ita, ko ya daina ya fuskanci tara ranar da ciwo ya mayar da shi.

Batun gado ma yana da nasa sarƙaƙiya. Musulmin da ya rasu a Amurka ba tare da rubutacciyar wasiyya ba, dokar jihar da yake zaune ce za ta raba dukiyarsa, ba rabon da shari'a ta tsara ba. Asusun 401(k) kuma ba ya bin wasiyya ko kaɗan: yana zuwa ne ga sunan da aka rubuta a takardar asusun, kuma ga mai aure dokar tarayya ta ba matarsa ko mijinta duka kuɗin, sai idan shi ko ita ta sa hannu a rubuce, a gaban shaidar da doka ta yarda da ita, cewa ta amince a ba wani.